RA'AYI: Ƙafar ɗan wasa ta wa ce? Rikicin kulob da ƙasa kan wasan sada zumunta

A ranar 13 ga Oktoba, 2023, a garin Portimao na ƙasar Fotugal, Super Eagles ta buga wasan sada zumunta da Saudiyya, aka tashi biyu da biyu. Da wuya a yau a samu wanda zai tuna waɗanda suka ci ƙwallayen. Abin da ya rage a zukatan mutane shi ne fitar Victor Osimhen daga fili bayan an dawo daga hutun rabin lokaci. Da ya koma Italiya, likitocin Napoli suka tabbatar da rauni a tsokar cinyarsa, ya shafe kusan mako shida bai taka leda ba. Kafin ya dawo, Napoli ta riga ta sallami kociyanta, Rudi Garcia. Wannan ɗan wasa ne ya ci wa ƙungiyar ƙwallo 26 a kakar da ta gabata, har ta ɗauki kofin Italiya karo na farko cikin shekara 33, don haka ba sai an tambayi dalilin fushin magoya bayanta ba.

Sai dai asarar ba ta tsaya a Italiya ba. A watan Nuwamba na shekarar, Najeriya ta fara wasannin neman gurbin Kofin Duniya na 2026 ba tare da Osimhen ba. Ta yi kunnen doki, ɗaya da ɗaya, da Lesotho a Uyo, ta sake yin ɗaya da ɗaya da Zimbabwe. Da aka zo ƙarshen lissafi bayan shekara biyu, Afirka ta Kudu ta ɗare saman rukunin da maki 18, Najeriya tana biye da 17. Ba wanda zai rantse cewa da Osimhen yana nan da an ci Lesotho, kuma rauni yana iya samun ɗan wasa ko da a filin atisaye ne. Amma wanda ya dubi wannan tazarar ta maki ɗaya yana da damar ya tambayi abin da aka je nema a Portimao, ya kuma tambaya ko sai da gwarzon tawagar ake iya samun sa.

A ganina, ƙasa tana da haƙƙi a kan 'ya'yanta, kuma dokar FIFA ta tabbatar mata da shi. Wasan sada zumunta ma yana da amfanin da babu abin da zai maye gurbinsa. Amma duk ranar da Hukumar Ƙwallon Ƙafa ta Najeriya, NFF, ta kira ɗan wasan da wani ke biyan albashinsa zuwa wasan da ba maki a cikinsa, nauyin bayani a kanta yake: me za a koya a wasan, wa zai buga, na minti nawa, nawa aka kashe, nawa aka samu. Muddin ba mu iya amsa waɗannan tambayoyi a rubuce ba, ƙungiyoyin Turai za su ci gaba da samun hujja a kanmu, ko da doka tana bayanmu.

Mu fara da dokar, domin yawancin muhawarar da ake yi a ofisoshi da gidajen kallo ana yin ta ne ba tare da an karanta ta ba. Ƙa'idojin FIFA kan matsayin 'yan wasa da sauya sheƙarsu sun wajabta wa kowace ƙungiya ta saki ɗan wasanta idan ƙasarsa ta kira shi a cikin ranakun da aka ware a jadawalin wasannin ƙasa da ƙasa, ko wasan na neman gurbi ne ko na sada zumunta. Idan wasan ya faɗo a wajen waɗannan ranaku, ƙungiya tana da ikon cewa a'a. Ita kuma hukumar ƙasa dole ta aika da takardar gayyata aƙalla kwana 15 kafin ranar farko ta hutun, ita za ta biya kuɗin tafiya, kuma ta tabbatar ɗan wasa ya kama hanyar komawa a kan lokaci. Idan aka ce ɗan wasa yana da rauni, ƙasa tana da ikon neman likitanta ya duba shi. Wanda aka kira ya ƙi zuwa, ƙungiyarsa ba ta da izinin sa shi a wasa a tsawon lokacin, sai idan ƙasar ta yafe.

Ma'aikacin gwamnatin tarayya ba zai ga baƙon abu a nan ba, domin tsarin ya yi kama da aron ma'aikaci daga wata ma'aikata zuwa wata. Bambancin shi ne, a ƙwallo mai aro ba ya biyan albashi, kuma idan ya mayar da ma'aikacin a gurguje, mai shi ne zai yi jinya. An ruwaito Arsene Wenger, a zamaninsa na Arsenal, yana kwatanta masu horar da tawagogin ƙasa da mutumin da zai ɗauki motarka daga gareji ba da izininka ba, ya yi ta yawo da ita, ya yar da ita a daji babu mai, sa'annan bayan ka gyara ya dawo ya sake ɗaukar ta. Akwai zuguguwa a misalin, amma akwai gaskiya a cikinsa, kuma adalci ne mu saurari ɓangaren ƙungiyoyi kafin mu yanke musu hukunci.

Shari'ar da ta sauya fasalin wannan rikici ma daga wasan sada zumunta a Afirka ta taso. A watan Nuwamba na 2004, ɗan wasan Maroko Abdelmajid Oulmers ya ji rauni a wasa da Burkina Faso, ya yi jinyar wata takwas. Ƙungiyarsa, Charleroi ta Beljiyam, ta maka FIFA a kotu, manyan ƙungiyoyin Turai da ke ƙarƙashin inuwar G-14 suka mara mata baya, har magana ta kai Kotun Tarayyar Turai. Ba a kai ga hukunci ba aka sasanta a watan Janairu na 2008: aka rushe G-14, aka kafa sabuwar ƙungiyar kulob-kulob ta Turai, FIFA da UEFA kuma suka amince su riƙa biyan ƙungiyoyi wani kaso daga kuɗin manyan gasa. A Kofin Duniya na 2010 FIFA ta raba musu dala miliyan 40. A na 2018 da na 2022 adadin ya kai dala miliyan 209 kowanne. Na 2026 kuwa an amince da dala miliyan 355. Tun 2012 kuma akwai shirin inshora na FIFA da ke biyan ƙungiya albashin ɗan wasan da ya ji rauni a bakin aikin ƙasa, idan jinyar ta wuce kwana 28, har zuwa yuro miliyan 7.5.

Ke nan batun albashi an rage masa kaifi. Abin da inshora ba ta iya biya shi ne maki. Arjen Robben ya ji rauni a wasan sada zumunta tsakanin Holan da Hangari a watan Yuni na 2010, aka lallaɓa shi ya buga Kofin Duniya har zuwa wasan ƙarshe, amma da ya koma Bayern Munich sai da ya rasa rabin kakar wasa. Rigimar da ta biyo baya ba ta kwanta ba sai da aka shirya wasa na musamman tsakanin Bayern da tawagar Holan a 2012 a matsayin diyya. A watan Oktoba na 2019 kuma, a Singafo, Neymar ya fita daga fili bayan minti 12 kacal a wasan sada zumunta da Najeriya, Paris Saint-Germain ta yi makonni ba ta da shi. Kociyan da ake kora idan ya faɗi wasa uku a jere ba zai ga hikimar kai masa ɗan wasa wata nahiya domin wasan da ba ya ƙara komai a teburin kowace gasa ba. Shi ya sa aka daɗe ana ganin raunin da ke tasowa ana gab da hutun FIFA ya kuma warke da zarar hutun ya ƙare. Ryan Giggs ya fara buga wa Wales a 1991, amma sai a shekarar 2000 ya buga mata wasan sada zumunta na farko.

To amma laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Ƙungiyoyin da ke kukan gajiyar 'yan wasa su ne ke kwasar su zuwa Amurka da Asiya duk bazara domin tara kuɗi. A watan Mayu na 2024, kwana uku bayan kammala gasar Firimiya, Tottenham da Newcastle suka yi tattaki har Melbourne ta Ostireliya suka buga wasan sada zumunta. A watan Mayu na 2025, Manchester United ta gama kaka ta wuce Malesiya da Hong Kong. An faɗaɗa gasar Zakarun Turai daga 2024, kowace ƙungiya tana buga wasa takwas a matakin farko maimakon shida, an kuma ƙirƙiro Kofin Duniya na ƙungiyoyi 32 a 2025. A cikin wasa hamsin ko sittin da babban ɗan wasa ke bugawa a shekara, na ƙasarsa kusan goma ne, na sada zumunta kuwa ba su wuce 'yan ƙalilan ba. Duk wanda ya ce waɗannan 'yan ƙalilan ne ke karya 'yan wasa, bai yi lissafi da gaskiya ba.

Ga kuma raini na musamman da ake yi wa Afirka. A watan Agusta na 2022, shugaban Napoli, Aurelio De Laurentiis, ya fito fili ya ce ba zai ƙara sayen ɗan wasan Afirka ba sai wanda ya sa hannu cewa ba zai je gasar cin Kofin Nahiyar Afirka ba. Ya faɗi haka ne alhali Osimhen yana cikin ƙungiyarsa. Idan gasar nahiya guda ba ta da daraja a idon mai kulob, wasan sada zumunta da Mozambik ba zai samu ba. Kuma duk wani sassauci da aka yi a jadawali cikin shekarun nan, ƙungiyoyi aka yi wa: an soke wasan sada zumunta na watan Agusta da ake yi ana gab da fara kaka, kuma daga 2026 an haɗe hutun Satumba da na Oktoba ya zama guda na kwana 16 mai ɗaukar wasa huɗu, domin a rage yawan katse musu gasa. Turai ta magance nata ɓangaren tun 2018 da ta ƙirƙiri gasar Nations League, wadda ta mayar da yawancin wasanninta na sada zumunta wasannin maki. Sakamakon haka ga ƙasa irin Najeriya shi ne, samun babbar ƙasar Turai da ke da ranar da za ta kara da mu ya ƙara wuya.

Duk da haka, kuskure ne a ce a daina wasan sada zumunta. Kociyan ƙungiya yana tare da 'yan wasansa kusan kullum na tsawon wata goma. Kociyan ƙasa yana ganin nasa na 'yan kwanaki, sau huɗu ko biyar a shekara, kuma rabin kwanakin a tafiya da hutun gajiya suke ƙarewa. Ba shi da wurin gwada sabon tsari ko sabon mai tsaron gida sai a wasan da faɗuwa a cikinsa ba ta hana zuwa gasa, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Ta wannan ƙofa Alex Iwobi ya shigo, a wasa da Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango a Beljiyam a watan Oktoba na 2015. Ta nan Joe Aribo ya shigo a watan Satumba na 2019, ya ci Yukren a wasansa na farko, ya kuma ci Birazil bayan wata guda. Nasarar huɗu da biyu da aka yi a kan Ajantina a Krasnodar a watan Nuwamba na 2017 ta ba matasan tawagar ƙwarin gwiwa, ta kuma ba su damar sanin ƙasar Rasha kafin Kofin Duniya. Ko wasannin Fotugal na 2023, su ne dama ta ƙarshe da Jose Peseiro ya samu kafin wasannin neman gurbi, kuma tawagar ce ta kai wasan ƙarshe na Kofin Afirka a Abidjan bayan wata huɗu.

Akwai kuma jerin gwanintar ƙasashe na FIFA, wanda da shi ake raba tukwane idan za a fitar da rukuni. Tun 2018 kowane wasa yana da nauyinsa a lissafin: wasan sada zumunta a wajen ranakun FIFA nauyinsa 5, na cikin ranakun 10, wasan neman gurbi 25, wasannin Kofin Duniya kuwa 50 zuwa 60. Waɗannan alƙaluma suna nuna cewa wasan sada zumunta yana da tasiri, amma tasirinsa bai kai rabin na wasan neman gurbi ba. Wanda ya sa babban ɗan wasansa cikin haɗari domin wasa mai nauyin 10, wata guda kafin wasanni biyu masu nauyin 25 da kuma maki shida, ya kamata ya zo da ƙwaƙƙwaran dalili.

Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, don haka sai mu dubi kanmu. Tarihin wasanninmu na sada zumunta cike yake da abubuwan da ke ba mai suka abin faɗa. Mazauna Abuja da yawa suna tuna daren 1 ga Yuni, 2011, lokacin da Super Eagles ta lallasa Ajantina huɗu da ɗaya a babban filin wasa na ƙasa. Ajantina ta zo ne ba tare da manyan taurarinta ba, kuma alƙalin wasa, Ibrahim Chaibou na Nijar, ya ja lokaci har wajen minti na 98 ya ba baƙi bugun fenariti mai cike da ayar tambaya. Yanayin cacar da aka yi a kan wasan ya sa FIFA ta buɗe bincike, kuma a 2019 ta haramta wa alƙalin shiga harkar ƙwallo har abada bisa laifin karɓar cin hanci. Wasan sada zumunta shi ne wanda sa ido ya fi rauni a kansa, domin sau da yawa dillalai ne ke shirya shi, su nemo fili da abokin karawa, kuma ba kasafai jama'a ke ganin yarjejeniyar ba.

A watan Yuli na 2021 aka kwashi 'yan wasan gida zuwa Los Angeles, Meziko ta ci su huɗu da nema, kuma kaɗan ne daga cikinsu aka ci gaba da kira bayan nan. A watan Nuwamba na 2022, Fotugal ta yi amfani da mu wajen ɗumama jiki kafin ta tafi Ƙatar, ta zura mana huɗu a Lisbon. Ba laifi ba ne a sha kashi a wasan gwaji, idan an san abin da ake gwadawa. Abin da ba a saba gani ba shi ne a fito bayan wasa a ce ga abin da aka je nema, ga abin da aka samu, ga 'yan wasan da za a ci gaba da bibiya.

Sai batun takarda, wanda duk wanda ya taɓa bin fayil daga tebur zuwa tebur a Sakatariyar Tarayya ya san muhimmancinsa. A ƙarshen 2021, ana shirin Kofin Afirka na Kamaru, Watford ta riƙe Emmanuel Dennis a daidai lokacin da yake kan ganiyarsa, bisa hujjar cewa gayyatar Najeriya ta iso bayan wa'adi. NFF ta zargi ƙungiyar da taurin kai, amma Dennis bai je Kamaru ba. Idan ƙungiya ta iya riƙe ɗan wasa daga babbar gasa da hujjar kwanan wata, to a wasan sada zumunta abin ya fi sauƙi. Lauyoyin ƙungiyoyin Turai sun haddace ƙa'idojin nan, kuma ba sa yafe kwana ɗaya.

A tsakiyar wannan ja-in-ja akwai ɗan wasa, wanda shi ake yawan mantawa da shi. Idan ya zo ya ji rauni, wani ya gaje masa wuri a ƙungiya. Idan ya ƙi zuwa, a yi masa ca a kafafen sada zumunta cewa ba shi da kishin ƙasa. Shekarun cin abincinsa da ƙafa ba su cika wuce goma sha biyar ba, kuma sau da yawa dangi guda ne ke rataye a wuyansa. Duk da haka mafi yawansu suna zuwa, suna keta nahiyoyi, wani lokaci da bashin alawus a kan hukuma. A watan Nuwamba na 2025, a Rabat, kwana biyu kafin wasan cike gurbi da Gabon, 'yan wasan Super Eagles sun ƙaurace wa atisaye saboda kuɗaɗen da suke bi. Hukumar da ba ta sauke nata nauyin ba tana rage wa kanta ƙarfin murya a ranar da take son tunatar da wani nasa.

Mafita ba ta buƙatar sabuwar doka daga Zurich. Mataki na farko shi ne a raba wasannin gida biyu. Manyan 'yan wasan da kowa ya san matsayinsu a tawaga a adana su domin wasannin maki; idan dole ne su zo wasan sada zumunta domin a saba da sabon tsari, a yi yarjejeniya da ƙungiyoyinsu tun kafin su taso kan mintunan da za su buga. Dokar wasa ta daɗe da ba da damar canza 'yan wasa da dama a irin wannan karawa, don haka babu dalilin barin gwarzo a fili bayan an ga abin da ake son gani. Sauran guraben a ba masu neman shiga. Gasar Unity Cup da aka yi a filin Brentford da ke Landan a ƙarshen Mayun 2025 ta nuna hanyar: Eric Chelle ya haɗa 'yan wasan gasar cikin gida da wasu na waje, aka doke Ghana biyu da ɗaya, aka doke Jamaika a bugun fenariti, ba tare da an tayar da jijiyar wuya da kowace ƙungiya ba.

Na biyu, a samu jami'i na dindindin, tare da likita, waɗanda aikinsu shi ne hulɗa da ƙungiyoyin da 'yan wasanmu ke ciki: musayar bayanan lafiya, sanin wanda ya dawo daga jinya, da tabbatar da cewa kowace gayyata ta fita kafin wa'adin kwana 15. Kociyan da ya san cewa za a dawo masa da ɗan wasa tare da rahoton likita da adadin mintunan da ya buga ba shi da dalilin ƙirƙiro ciwon ƙarya. Albashin waɗannan jami'ai na shekara guda bai kai asarar rasa ɗan wasa ɗaya a babbar gasa ba.

Na uku, a yi wa ƙungiyoyin gida adalcin da muke nema daga na waje. Idan aka ɗauke wa Kano Pillars ko Enyimba ko Remo Stars manyan 'yan wasanta zuwa sansani alhali gasa tana gudana, ita ma asara take yi, kuma ba ta da lauyoyin da za su kai kukanta ko'ina. Ya kamata hukumar gasar cikin gida da NFF su fitar da jadawali guda tun farkon kaka, a san ranakun sansani, a kuma san wanda zai ɗauki nauyin jinya idan an samu rauni. Kashin huɗu da nema da Sudan ta ba mu a gasar CHAN a watan Agusta na 2025 ya nuna cewa 'yan wasan gida ne suka fi kowa buƙatar wasannin gwaji, a kai a kai, ba sai an rasa na waje ba.

Na huɗu, wurin wasa. Gaskiya ne cewa buga wasa a Fotugal ko Landan yana rage wa 'yan wasa tafiya, yana kuma kwantar wa ƙungiyoyinsu hankali. Amma tawagar da ba ta saba da filinta da yanayin ƙasarta ba, baƙuwa ce a gida, kuma makin da muka zubar a Uyo shaida ne. Ko sau ɗaya a shekara ya kamata a yi wasan sada zumunta a Najeriya. Filin Moshood Abiola na Abuja, wanda ya karɓi Birazil a watan Yuni na 2003, yana nan a bakin ƙofar shiga gari, muna wuce shi safe da yamma a hanyar filin jirgi, alhali wasannin gida na shekarun baya-bayan nan Uyo ake kai su. Babu kulob ɗin Turai da zai saki jiki da ɗan wasansa a kan ciyawar da ba a kula da ita.

Na biyar, wanda ya fi shafar masu karanta wannan shafi, shi ne lissafin kuɗi. Tun da aka rushe Ma'aikatar Wasanni a watan Oktoba na 2024 aka dawo da Hukumar Wasanni ta Ƙasa, ita ce ƙofar da kuɗin gwamnati ke bi zuwa harkar ƙwallo. An san FIFA ba ta yarda da katsalandan ɗin gwamnati ba, kuma Najeriya ta ɗanɗana dakatarwa a kan haka a watan Yuli na 2014. Amma zaɓa wa NFF shugabanni ko 'yan wasa daban, tambayar yadda aka kashe kuɗin baitulmali daban. Duk takardar neman kuɗin wasan sada zumunta da ta iso teburin darakta ko mai ba da shawara, ya dace a ga waɗannan a cikinta: manufar wasan daga bakin kociya, sunan dillalin da ya shirya shi, kuɗin da abokin karawa ko mai ɗaukar nauyi zai biya, da adadin 'yan rakiya da aikin kowannensu. Bayan an dawo kuma a kawo rahoto kafin a saki na gaba. Kwamitocin wasanni na Majalisar Dattawa da ta Wakilai suna da ikon neman wannan, kuma Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba ɗan jarida da ɗan ƙasa damar tambaya.

Rikicin kulob da ƙasa ba zai ƙare ba, domin ɗan wasa ɗaya ne, masu buƙatarsa biyu, kuma kowanne yana da gaskiyarsa. Ƙungiyoyin Turai sun fi mu kuɗi da lauyoyi da faɗa a ji a FIFA, kuma babu alamar wannan zai sauya nan kusa. Abin da ke hannunmu shi ne takarda a kan lokaci, alawus a kan lokaci, fili mai kyau, da wasan da aka san dalilinsa. Ranar da NFF ta iya nuna waɗannan, za ta iya kiran Osimhen ko Lookman ko wanda zai gaje su, idan wani mai kulob ya yi ƙorafi ta miƙa masa ƙa'idar FIFA ba tare da jin nauyi ba. Kafin ranar ta zo, duk jami'in da takardar wasan sada zumunta ta biyo ta teburinsa ya tuna da Portimao da makin nan guda ɗaya, ya tambayi abin da za a je nema kafin ya sa hannu.